Kurakuran da masu neman salsala suke yi game da iyakokin gundumar cocin Halifax

Wanda yake bin diddigin kakanninsa a yankin Halifax, a arewacin Ingila, yakan fara da taswirar yau, kuma daga nan ne akasarin wahalarsa take tasowa. Tun shekarar 1538, lokacin da Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin rubuta baftisma da aure da binne mamata, gundumar coci, wato yankin da babban coci ɗaya yake kula da shi, ita ce take riƙe da waɗannan littattafai, kuma iyakokinta ba su yi daidai da na garuruwan da muke gani yanzu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa "Halifax" a tsohuwar takarda yana nufin garin kansa. Tsohuwar gundumar tana cikin mafiya girma a Ingila, ta ƙunshi ƙananan yankuna 23 da suka bazu a kwarin kogin Calder da tsaunukan da ke kewaye da shi. Saboda nisa, cocin Elland da na Heptonstall suna da littattafansu na kansu, don haka wanda ya duba littafin babban cocin Halifax kaɗai, bai ga sunan kakansa ba, sai ya yanke hukuncin cewa iyalin baƙi ne, alhali sunan yana kwance a littafin Heptonstall. Gyaran shi ne a fara gano ƙaramin yankin da gidan yake, sannan a nemi cocin da mutanen wurin suke zuwa.

Garin Todmorden ya cancanci kulawa ta musamman. Iyakar lardin Yokshiya da na Lankashiya ta ratsa tsakiyarsa har zuwa ƙarshen shekarun 1880, ta yadda ɓangaren Stansfield da Langfield yake ƙarƙashin Halifax, ɗaya ɓangaren kuwa yake ƙarƙashin gundumar Rochdale ta Lankashiya. Iyali suna iya ƙaura ta ƴan taku kaɗan su sauya lardi da gunduma gaba ɗaya. A ganina, duk wanda ya ga ƴan'uwa biyu an rubuta musu larduna daban a ƙidayar jama'a, bai kamata ya yi gaggawar raba su gida biyu ba kafin ya binciki littattafan ɓangarorin biyu.

Akwai kuma masu rikita gundumar coci da gundumar rajista. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara ne a ranar 1 ga Yuli, 1837, kuma sunan da ke cikin fihirisarta na gundumar rajista ne, wadda takan haɗa ƙauyuka da yawa. Sai an samo takardar shaidar kanta ake ganin ainihin wurin. Ƙidayar 1841 ma ba ta faɗin garin haihuwa, tana nuna ko an haifi mutum a lardin ne kawai, don haka ta 1851 ce abin dogaro a wannan fanni.

Game da kwafen littattafan da ake aika wa bishop, a tuna cewa Halifax tana ƙarƙashin bishop na York har 1836, ta koma ƙarƙashin na Ripon, sannan na Wakefield a 1888, saboda haka shekarar da ake nema ce za ta nuna ma'ajiyar da ya kamata a fara tuntuɓa.