Kafin ka biya kuɗin ɗaki, fara sanin da wa za ka zauna

Ƙannena da kuka samu admishan a KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) ko Kaduna Poli, maganar masauki nake so mu yi tun kafin a fara lakca, don wallahi nan ne da yawa ake tafka kuskure.

Fara sanin inda sashenka yake. Poli ba waje ɗaya ba ce, akwai Tudun Wada akwai Unguwar Rimi akwai Barnawa, KASU kuma babban kamfus na kan titin Tafawa Balewa amma tana da wani a Kafanchan, masu karatun likita kuwa daga baya asibitin koyarwa na Barau Dikko za su riƙa zirga-zirga. Kar ka kama ɗaki a Kawo don ya yi araha alhali ajinka na Barnawa, kuɗin Keke kullum safe da yamma zai cinye rarar, ga lakcar ƙarfe takwas.

In da hali ka nemi hostel, musamman shekarar farko. Gadaje ba su da yawa, don haka ka riƙa duba fotal, wato shafin makaranta na intanet, da zarar ka gama rajista. Kar ka sayi gado a hannun wani ɗalibi, ranar da aka zo bincike kai za a kora.

Yanzu abin da ya fi damuna. A jami'o'in Amurka akwai tsarin da ake haɗa ɗalibai masu kwas ɗaya ko sha'awa ɗaya a bene guda, suna kwana tare suna ɗaukar wasu darussa tare. Mu ma za mu iya haɗa namu da kanmu. Ka nemo mutum biyu ko uku 'yan ajinku masu son karatu, in an samu wanda ke shekara ta biyu ko ta uku a cikinku ma ya fi, shi zai ba ku tsofaffin takardun jarrabawa ya gaya muku halin kowane lakcara. Ni ɗakinmu mu huɗu ne, bayan isha'i kowa ya ɗauko abin da bai gane ba a tattauna, lissafin da na kasa a aji a kan tabarmar ɗakin nan na iya shi. Ku yi magana tun farko, wa zai yi girki, yaushe ake kashe fitila, baƙi har ƙarfe nawa, kuɗin gas ya za a raba. Kunya a nan ba ta da amfani.

In a waje za ka kama, je ka gani da idonka, sau biyu, da rana da kuma dare. Tambayi maƙwabta ba dillali ba: ana samun wuta? rijiya ce ko bohol ko sai 'yan garuwa? mita mai kati ce ko kuɗin wuta ake rabawa? Duba bango ko akwai alamar ruwa, gidajen da ke gangaren Kogin Kaduna da damina ba a cewa komai.

Ƙannena mata, ku tafi da babba, ku duba ƙofar gida tana kulluwa kuma layin ba duhu.

Kada ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan, a rubuta yarjejeniya da shaidu, kuɗin haya daban la'adar dillali daban, ka karɓi rasit ka ɗauki hotonsa a waya.