Yadda za ki kai buƙatun mata teburin sulhu a wurin aiki

Shekara 11 na yi a kan keken ɗinki a wata masana'antar tufafi, shida daga ciki ina wakiltar sashenmu a ƙungiyar ƙwadago. Mu mata mun fi yawa nesa ba kusa ba, kuɗin ƙungiya kuma daga albashinmu ake cirewa duk wata. Amma da an zauna sulhu da masu kamfani, maganarmu ce ake fara turawa "sai zama na gaba". In haka ake yi muku, 'yar uwa, ga hanyar da muka bi.

Kada ki fara da kiran taro. Ki fara da kunne. Ki bi abokan aikinki ɗaya bayan ɗaya, lokacin hutu ko a hanyar tashi, ki tambayi kowacce abin da ya fi ci mata rai. Ni na ɗauka albashi za su ce. Ashe makullin banɗaki ne. Yana rataye a ƙusa bayan teburin shugaban sashe, duk mai buƙata sai ta je ta tsaya gabansa ta roƙa, ya rubuta sunanta da lokacin da ta fita. Wadda ke zaune kusa da ni tana da cikin wata bakwai, sai ta daina shan ruwa da safe don kada sunanta ya cika takardar. Ina ganin ƙafafunta a kumbure kan matakin keke, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Wakilanmu maza ba mugaye ba ne, ba su taɓa tsayawa gaban wannan ƙusar ba ne kawai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Daga nan sai littafi. Ki sayi ƙarami, ki riƙa rubuta rana, lokaci, abin da ya faru da waɗanda suka gani. Wadda aka yanke wa albashi ta adana takardar biyanta. Littafin ya kwana a gida, kada ki bar shi a wurin aiki, kuma kada ku yi maganar a wayar kamfani ko kwamfutarsa. Manaja zai iya kallon idonki ya ce ƙorafin mata ne. Idan kika ajiye masa shafi 20 masu kwanan wata, bakinsa zai yi nauyi.

Sai ku tsayar da buƙata guda, wadda kowacce za ta iya faɗa da numfashi ɗaya. A nan ina yawan tuna matan Dagenham a Ingila, masu ɗinka rigunan kujerun motocin Ford. A watan Yunin 1968 su 187 suka ajiye aiki. An sa aikinsu a matakin B, na marasa ƙwarewa sosai, alhali sun san matakin C, na ƙwararru, ya dace da su, kuma ana biyansu kashi 85 cikin 100 na abin da maza ke samu. Mota ba ta fita ba kujera, don haka ƙera motoci ya tsaya. Bayan kusan mako uku, ministar ƙwadago Barbara Castle ta shiga tsakani, suka koma aiki da kashi 92, kuma yajin nasu ya share hanyar dokar daidaita albashi ta 1970. Sai dai ki lura: abin da ya fitar da su tun farko, wato a amince aikinsu na ƙwararru ne, bai samu ba sai 1984, bayan sun sake wani yajin. Shekara 16. Duk lokacin da aka miƙo muku wani abu a madadin abin da kuka nema, ku karɓa in yana da amfani, amma a rubuta cewa asalin buƙatar tana nan.

Ki san abin da doka ta ba ku kafin ki buɗe baki. Ki nemi dokar ƙwadago ta ƙasarku, da yarjejeniyar da ƙungiyarku ta sa hannu da kamfani. Da yawanmu ba mu taɓa ganin tamu ba sai da na nace sakatare ya ba ni kwafi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniyoyin da ya kamata ki riƙe lambobinsu. Ta 100, ta shekarar 1951, ta ce aiki mai daraja ɗaya albashinsa ɗaya ne ga mace da namiji. Ta 183, ta 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, da lokacin shayarwa da ake lissafa shi cikin lokacin aiki, ta kuma hana korar mace saboda ciki. Ta 190, ta 2019, ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Ba su hau kan ƙasa ba sai ta amince da su a hukumance, don haka ki bincika waɗanda taku ta amince da su. Ko ba ta amince ba, mizani ne da za ki iya ɗorawa kan tebur.

Takardar koke ta zama ta kowa. Mu a zagaye muka sa hannu, kamar bakin faifai, don kada a gane wadda ta fara. Ku tafi ku uku ko huɗu wajen miƙawa, ku riƙe kwafi. In an kira ɗayanku ofis ita kaɗai, ta nemi wakiliya ta raka ta, kuma kada ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba. A 1888 masu kamfanin ashana na Bryant & May a Landan sun nemi 'yan matan da ke musu aiki su sa hannu cewa ana kyautata musu. Suka ƙi, aka kori ɗaya, kusan 1,400 suka fita tare, har aka soke tarar da ake cire musu daga albashi.

Sai abin da ya fi wuya: kujera. Duk wannan aikin zai iya rushewa a cikin ɗakin da babu mace. Ki karanta kundin tsarin ƙungiya, ki san ranar zaɓe da yadda ake tsayawa, ku tsayar da taku, kuma ku fito ku jefa ƙuri'a. Kada ku yarda a tattara ku a "kwamitin mata" mai shirya kujeru da tarbar baƙi kaɗai. Ku nemi gurbi a cikin masu shiga sulhu. Ku yi gardama a kan lokacin taro ma. Namu ƙarfe bakwai na dare ake yi, sannan a ce mata ba su damu da ƙungiya ba. Da muka matsa aka mayar da shi lokacin hutun rana, ɗakin bai ɗauke mu ba.

Ranar zamana na farko, shugaban reshenmu ya raɗa mini, "Ƙanwata, ki bar maganar banɗakin nan, kada ta ɓata mana lissafin albashi." Na ce, "Yaya, da girmanka, amma matan da suka turo ni wannan suka aiko ni da shi." Na buɗe littafin na fara karantawa, rana bayan rana, har na kai ranar da mai cikin nan ta yanke jiki ta faɗi. Ɗakin ya yi tsit.

Yajin aiki ki bar shi ƙarshe, bayan kun bi matakan da doka ta shimfiɗa, kun ƙirga ku nawa ne za su iya jure rashin albashi, kun kuma tanadi ɗan asusu domin masu ciyar da gida su kaɗai.

Duk abin da aka amince, a rubuta shi da ranar da zai fara aiki, kowane ɓangare ya sa hannu, ku liƙa kwafi inda kowa zai gani. Mu an cire ƙusar a cikin mako guda. Bayan wata uku aka kawo sabon shugaban sashe, wata safiya muka tarar ya buga wata a daidai ramin tsohuwar. Na ciro takardar daga jakata, na kira mata biyu, muka nufi teburinsa.