Yadda Ake Zaɓar Kebul Ɗin Sadarwa Mai Sauri Tsakanin Jan Ƙarfe da Faiba

Mataki na farko shi ne a auna nisan da kebul zai bi daga na'urar rarraba layi zuwa kwamfuta, kuma a auna ta hanyar da zai ratsa cikin bango da rufi. Wannan awo ne ke yanke yawancin hukunci, domin ƙa'idojin Ethernet (tsarin haɗa kwamfutoci ta kebul), waɗanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke fitarwa ƙarƙashin lamba 802.3, sun ƙayyade wa kebul ɗin jan ƙarfe mita 100, wato mita 90 a cikin gini da mita 10 na gajerun wayoyin haɗi.

Idan nisan bai wuce haka ba, sai a duba saurin da ake buƙata. Ƙa'idar 1000BASE-T ta 1999 tana ba da gigabit 1 a daƙiƙa a kan kebul Cat5e (Cat5e, Cat6 da Cat6a matakan ingancin kebul ɗin jan ƙarfe ne, daga ƙarami zuwa babba). Ta 10GBASE-T, wadda ta fito a 2006, tana ninka wannan sau goma, amma sai da Cat6a take kai mita 100. A kan Cat6 ba ta wuce kimanin mita 55. Wanda ya gaji tsohon kebul a bango kada ya yi gaggawar cire shi, domin ƙa'idar 802.3bz ta 2016 ta ba da damar gigabit 2.5 a kan Cat5e da gigabit 5 a kan Cat6. A ganina, mai sabon gini ya sa Cat6a tun farko, saboda fasa bango daga baya ya fi kuɗin kebul ciwo.

Idan nisan ya zarce mita 100, ko kuma kebul zai fita daga wani gini zuwa wani, faiba ce mafita, domin haske take ɗauka a cikin zaren gilashi, don haka tsawa da manyan injina ba sa dagula mata saƙo. Iri biyu ce. Mai faɗin ciki, wadda galibi rigarta shuɗiya-shuɗiya ce, tana kai gigabit 10 zuwa mita 300 a nau'inta na OM3 da mita 400 a na OM4 bisa ƙa'idar 10GBASE-SR. Mai siririn ciki, mai rawayar riga, tana kai kilomita 10 bisa 10GBASE-LR. Sai dai faiba ba ta ɗaukar wutar lantarki, saboda haka kyamarar da ke samun wuta ta kebul ɗinta dole ta zauna a kan jan ƙarfe.

Idan faiba aka zaɓa, sai a tabbatar cewa kawunan SFP+ (ƙananan na'urorin da ke aikawa da karɓar haske) da za a cusa a ɓangarorin biyu iri ɗaya ne, domin kan SR ba ya magana da kan LR. Kafin a haɗa, a goge bakin faiba da abin gogewarta, tunda ƙurar da ido ba ya gani tana iya rage hasken, kuma kada a leƙa cikin bakin da ido. Bayan an haɗa, a gwada kowane layi da na'urar gwaji, sannan a duba saurin da na'urorin biyu suka daidaita a kai. Layin gigabit da ya tsaya a megabit 100 galibi alama ce ta waya ɗaya cikin takwas da ba ta zauna daidai a kan RJ45 ba, wato filogin da ke bakin kebul ɗin jan ƙarfe.