Danja da dare: kurakuran da direbobi suka fi yi a Zariya da yadda ake gyara su

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, titi fayau, ba mota ba mashin, amma danja ta kafe a ja. Lambar da ke jikinta tana sauka ɗaya bayan ɗaya tun daga 80, mai Keke Napep ɗin da ke bayanka kuma sai danna hon yake yi yana cewa, "Malam, wuce mana, ai ba kowa!" Duk mai tuƙin dare ya san wannan takaicin, ko ɗan acaɓa ne da ke jigilar ɗalibai zuwa Samaru, ko ɗan kasuwar da ya rufe shago a Sabon Gari yana son ya isa gida Tudun Wada. Takaicin yana da dalili, amma yawancin abin da direbobi ke yi don su huce shi yana fitowa ne daga rashin sanin yadda na'urar take aiki.

Ɗauka cewa danja ta lalace don ta daɗe a ja

Mafi yawan danjojin garuruwanmu agogo suke bi, ba sa ganin mota. A gefen mahaɗar akwai wani akwatin ƙarfe, a cikinsa na'urar da aka tsara wa lokaci take, kuma abin da aka rubuta mata shi za ta yi ta maimaitawa. A ɗauka mahaɗa ce mai hannu huɗu, kowane hannu an ba shi sakan 25 na kore, sakan 3 na yalo, sai sakan 2 da kowa ke a ja don wanda ke tsakiya ya fice. Sakan 30 ke nan ga kowane hannu, zagaye guda sakan 120. Wanda ya iso daidai lokacin da hannunsa ya koma ja zai jira kimanin minti ɗaya da rabi. Da rana ba ka jin tsawonsa, domin kana kallon motoci na wucewa ta gabanka, ka san dalilin tsayuwar. Da dare tsarin bai canza ba, motocin ne suka tafi, sai minti ɗaya da rabi ya zama kamar minti biyar.

Na'urori da yawa suna iya ɗaukar tsari fiye da ɗaya: na cunkoson safe, na rana, da na dare mai gajeren zagaye. Idan ba a saka na daren ba, ko agogon na'urar ya rikice bayan wuta ta ɗauke mata, za ta riƙa yin aikin ƙarfe takwas na safe da tsakar dare. Wannan aibi ne na tsari, kuma ya cancanci a kai ƙorafi a kansa. Amma danjar da ke wannan hali lafiyarta lau, tana ba wani hannu kore a daidai lokacin da ta tsayar da kai.

Hanyar gane gaskiya ita ce ka duba agogonka, kada ka yarda da ƙiyasin zuci. In minti uku cur suka wuce ba ta sake ka ba, kuma ka ga sauran hannuwa sun samu kore har sau biyu, to lallai akwai matsala. A nan ma sai ka ɗauke ta kamar mahaɗar da ba danja: ka tsaya cak, ka duba, ka shiga a hankali.

Akwai wani irin danja da ke jin mota ta hanyar waya da aka binne a kwalta, za ka ga alamar yanka mai kusurwa huɗu dab da layin tsayawa. Ba kasafai ake cin karo da ita a nan ba, amma wanda ya gamu da ita a wani gari ya tsaya a kan yankan. In ka tsaya can baya, ko ka zarce layin, ba ta san da zuwanka ba. Mai mashin ya ɗora tayoyinsa a kan layin yankan kansa, saboda ƙarfen mashin kaɗan ne.

"Na duba, ba kowa"

Wannan magana tana kashe mutane a mahaɗa da dare, don haka a nan za mu ɗan daɗe.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da dare wannan kimar ba abin dogaro ba ce. Abin da kake gani daga nesa ɗigon haske ne kawai, ba ka ganin jikin motar balle ka auna gudunta. Fitila ɗaya tana iya zama mashin, tana kuma iya zama tifa mai ido ɗaya. Wani ɗan acaɓan ma ba fitilar sam, wani mai kurar ruwa ne ko mai keke da ya taso daga kasuwa cikin baƙaƙen kaya. Sannan wanda ke da kore a ɗaya hannun ya hango koren tun daga nesa, titi kuma babu kowa, ya taka totur. Ba ya tsammanin ka, domin doka ta ba shi hanya.

A yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudu a cikin gari, tana cin mita 14 a kowane sakan. Kafin direba ya gan ka ya kai ƙafa birki sakan ɗaya ya tafi, mita 14 ke nan, birkin kansa ya ci wasu 14. Jimla kusan mita 28, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau. In gudun ya kai 80, tazarar ta koma kusan mita 60, fiye da rabin filin ƙwallo. Wannan ƙaramar mota ce. Tirela ko tanka mai lodi, irin waɗanda ke ratsa Kwangila da Ɗan Magaji dare da rana a kan hanyar Kaduna zuwa Kano, tana bukatar fiye da haka sosai. A daren damina da kwalta ta jiƙe, ko inda ruwa ya tara yashi a bakin mahaɗa, sai a ƙara.

Masu cewa tsayuwar tana cin mai su ma su yi lissafi. Ƙaramar mota da ke tsaye inji na aiki ba ta cika wuce lita ɗaya a awa ba. Minti ɗaya a danja bai fi cokalin cin abinci na fetur ba.

Akwai uzurin da ya fi wannan nauyi, wato tsoron masu ƙwacen waya. Ba ma raina shi, domin tsayuwa kai kaɗai a wuri mai duhu abin fargaba ne. Maganinsa yana farawa tun kafin ka iso. Da ka hango ja daga mita 200, ɗage ƙafa daga totur, sauko da giya, ka riƙa gangarawa a hankali yadda za ka iso layin tana dab da sakin ka. Sau da yawa ba ma sai ka tsaya ba. In tsayuwar ta kama, ƙofofi a kulle, gilashi a sama, waya a aljihu, mota a giya ɗaya ƙafa a kan kuloci, ido a madubi. Ka bar tazarar da za ka iya ganin tayoyin bayan motar da ke gabanka suna taɓa kwalta. Wannan ya ishe ka ka murɗa sitiyari ka fita ba tare da ka yi baya ba.

Rigegeniya da lamba

Allon da ke ƙirga sakan an yi shi ne don ya kwantar da hankali, sai ya zama abin tsere. Mai ja yana ganin 3 ya fara sakin kuloci. Mai kore a ɗaya hannun yana ganin 3 ya ƙara wuta don kada ta kama shi. Sakan biyun nan da aka ware kowa na ja, su biyun sun cinye su, sai su haɗu a tsakiya.

Allon kansa yana yin ƙarya in ya tsufa. Kowace lamba sanduna bakwai ne na haske suke haɗa ta. In biyu na gefen hagu suka mutu, 8 sai ta fito kamar 3. Direba ya ga saura uku ya zabura, ashe saura takwas. Launin fitilar shi ne doka, lambar taimako ce kawai. In kore ya kama kuma kai ne a gaba, ƙirga ɗaya, biyu, duba hagu tukuna, domin tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama layin da ya fi kusa da kai daga hagu yake zuwa, sannan ka duba dama. Mai hon ya yi ta yi.

Yalo ma ana yi masa mummunar fahimta. Ma'anarsa ka tsaya, sai fa in ka riga ka matso yadda birki zai jawo haɗari. Tsawonsa sakan 3 zuwa 5 ne, kuma an auna shi da gudun cikin gari. Koren da ka hango tun daga nesa tsohon kore ne, yana gab da ƙarewa, don haka ƙafarka ta koma saman birki. In babbar mota ce a bayanka, taɓa birkin sau biyu tun da wuri don jar fitilarka ta yi mata magana. Wannan ya kawo batun da direbobi ba sa dubawa: fitilar birki. Ka yi baya da mota kusa da bango da dare, ka taka, ka duba madubi. In bangon bai yi ja ba, ka je wajen mai wayarin gobe da safe. Galibi ƙwai ne ko fiyus ko ɗan makunnin da ke ƙarƙashin feda.

Danja mai ƙiftawa da danjar da ta mutu

Yalo mai ƙiftawa yana nufin rage gudu, duba, wuce da hattara. Ja mai ƙiftawa yana nufin tsaya cak, sannan ka shiga in hanya ta yi. Wani wurin da gangan ake mayar da danja haka in dare ya yi nisa. Wani lokacin kuma na'urar tsaron da ke cikin akwatin ce ta ga matsala, misali hannu biyu na neman samun kore tare, sai ta jefa komai cikin ƙiftawa. Kuskuren shi ne ɗaukar ƙiftawar yalo a matsayin kore.

Mutuwar danja da tsakar dare kuwa sau da yawa batir ne. Danja mai sola tana tara wuta da rana, ta ci da dare. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana rage ƙarfin rana, ƙura ta lulluɓe farantin sola, dare kuma ya haura awa 12. A Agusta hadari ne ke tare rana kwana da kwanaki. Zafin Maris da Afrilu shi kuma yana tsufar da batir, wanda ya kai shekara biyu ko uku ba ya riƙe caji kamar da. In batir mai bolt 12 ya sauka zuwa wajen 11, na'urar caji takan yanke wuta don kada ya lalace gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga danja garau da magariba, ta dusashe da tsakar dare, ta mutu kafin asuba, sannan ta farka da hantsi.

Ga tarkon da ya fi kowanne muni a nan: ka ga taka a mace, ka ɗauka duk mahaɗar a mace take. Mai yiwuwa jar fitilar hannunka ce kaɗai ta ƙone, sauran na aiki, wani kuma yana tafe da cikakken kore. Kafin ka shiga, nemi fitila ta biyu a tsallaken mahaɗar, duba ko akwai hasken launi da ke faɗowa kan kwalta a sauran hannuwa, ka kuma lura ko motocin can suna tsayawa su tashi a tare. In duk a mace suke, mai fitowa daga ƙaramin titi ya ba na babban titi hanya, na babban titin kuma ya rage gudu. In akwai jami'i a tsaye yana ba da hannu, ɗan sanda ne ko ɗan KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kaduna, ko na hukumar kiyaye haɗura, hannunsa ya rinjayi fitila ko da tana aiki.

Fitilunka da gilashinka

Tsayawa a danja da babbar fitila a kunne zalunci ne ga na tsallake. Ka dalle masa ido, ya kasa ganin launin danjar, ya kasa ganin mai tafiya a ƙasa, kuma ido yana ɗaukar sakanni kafin ya dawo daidai, na dattijo ya fi daɗewa. Sauke ta tun kafin ka iso. In wani ya dalle ka, kada ka rama, mayar da ido gefen dama na titi.

Kunna sigina biyu a tare don nuna cewa miƙewa za ka yi al'ada ce da ta yaɗu, amma ba ta cikin doka. Wanda ke gefenka ɓangare ɗaya yake gani, sai ya ɗauka kwana za ka yi. Mai miƙewa ba ya sa sigina. Haka kwanar dama a kan ja: sai in akwai kibiya kore ko an ware wa masu kwanar hanyarsu daban.

Gilashin da aka saba gogewa da busasshen tsumma a lokacin ƙura yana cika da ƙananan zane, kowace fitila sai ta tarwatse a kansa kamar tauraro. A cikin hasken shaguna, fitilun masu shayi da jajayen fitilun birki, jar danja sai ta ɓace. A zuba ruwa tukuna kafin a goge, a wanke ta ciki ma, a canza robar waifa in ta bushe. Mai wahalar bambance launi ya riƙe jeri: ja a sama, yalo a tsakiya, kore a ƙasa.

In motar asibiti mai jiniya da ta nufi asibitin koyarwa na Shika ta same ka a ja, matsa gefen dama iya yadda za ta samu wucewa, ba sai ka faɗa tsakiyar mahaɗa ba.

Danjar da ke mutuwa kullum, ko wadda zagayenta na dare ya yi tsawo, a sanar da jami'an kula da zirga-zirga da ke aiki a wurin da rana, kuma a yi bayani dalla-dalla: wace mahaɗa, wane hannu, wane launi, ƙarfe nawa take farawa. "Tana mutuwa wajen ƙarfe biyu, ta dawo da safe" ya gaya wa mai gyara cewa batir da farantin sola zai duba. "Ja ce kawai ba ta kamawa a hannun masu fitowa daga gabas" ya gaya masa ya zo da fitila da tsani. In kuma haɗari ya riga ya auku, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ita ce 122.