Darasi na 9: Duba Mota ta Hannu Kafin Ka Biya Kuɗi

Yawancin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne. Wasu daga Turai ko Amurka aka shigo da su, su ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Wasu kuwa a nan gida aka more su. Ko wacce ce, dillali zai sa a wanke ta fes har tana ɗaukar ido. Kyan ɗan maciji ke nan, kada ya ruɗe ka.

Ka je da sassafe, tare da bakaniken da ka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka roƙa kada a tayar da motar sai ka iso. Da zuwanka, ɗora hannu a kan bonet. In ka ji ɗumi, an riga ka. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa: ya yi gardamar tashi, ko ya yi ƙara, ko ya yi hayaƙi. In ya ɗau zafi sai ya lafa.

Kafin a murza makulli, buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka duba bayansa. Idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne, mai yiwuwa ruwa na haɗuwa da mai, wato gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Gyaran nan yana cin kuɗi. Leƙa cikin lagireto ma, ko mai na yawo a kan ruwan. Amma fa kada ka taɓa buɗe shi inji na da zafi, tafasasshen ruwa zai watso maka.

Yanzu murza makulli rabi. Fitilun gaban direba za su kama, har da mai hoton inji. Bayan mota ta tashi, ya kamata wannan fitila ta mutu. Idan tun farko ba ta kama ba, ka yi tambaya, domin akwai masu kashe ta da gangan.

Sai ka zagaya baya wajen salansa, wani ya taka totur. Shuɗin hayaƙi, inji na shan baƙin mai. Baƙin hayaƙi, fetur ne ba ya ƙonewa daidai. Fari mai kauri da ya ƙi yankewa, ruwa ne ke shiga inji.

Jikin mota kuwa, ɗan maganaɗisu ya ishe ka. Bi ƙofofi da shi. Inda ya ƙi kamawa, wataƙila an cike wurin da fila, wato ƙullin da ake toshe lotsawa da shi, bayan hatsari. Bamba ta roba ce, ba ta cikin wannan gwaji. Ɗaga kafet ka shinshina; warin rima, laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujera alamar ambaliya ce. Irin wannan mota wayoyinta ba sa daina ba da wahala, ni dai ko kyauta ba na so.

Tuƙa ta da kanka, rediyo a kashe, ka bi hanya mai gargada. Saurari ƙafafunta. Lura ko sitiyari na ja gefe guda, ko giya na fizga, ko birki na rawa.

Saura takardu. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ta takardar kwastam da ta rajista. Ko harafi guda ya saɓa, riƙe kuɗinka.

Aikin aji: A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Nemi taya a unguwarku, ka kwafo lambarta a littafinka, ka faɗa wa aji shekarunta.