Yadda Ake Shirya Tafiyar Bakin Teku A Cape Town Da Motar Tsere

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Cape Town su yi hayar motar tsere, irin mai ƙofa biyu da ake zuge rufinta, kuɗin motar suke lissafawa kawai, hanyar kuma sai su bar wa Google Maps. Shi kuwa Google ba ruwansa da kallon teku, inda ya fi sauri zai kai ka, sai ka ga mutum ya biya kuɗi masu ciwo amma rabin yininsa ya ƙare a bayan motar 'yan yawon buɗe ido yana kallon dutse, tekun yana can ɗaya hannun ba ya ma iya tsayawa. Ba zan tsaya kan biza da tikitin jirgi ba, wannan kowa ya san hanyarsa. Daga motar za mu fara.

Mataki na farko, ka ɗauki otomatik, kar ka tsaya jayayya. A Afirka ta Kudu hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama, irin yadda ake yi a Najeriya kafin 1972. Kenan in ka ɗauki manuwal da hannun hagu za ka riƙa sa giya, a kwanar da ba ka sani ba, a motar da totur ɗinta ba ya son wasa. Na san akwai masu cewa daɗin motar tsere sai da kuloci, toh su bari sai sun dawo gida. Sannan in motar Jamus ce sigina tana hagun sitiyari kamar yadda ka saba, in ta Japan ce galibi tana dama, za ka ga kana son ba da sigina waifa ta tashi. Ka gwada wannan tun kana harabar kamfanin.

Kafin ka sa hannu a takarda abu huɗu za ka tambaya da bakinka. Nawa za su riƙe a katinka a matsayin jingina, don a kan irin waɗannan motocin kuɗin yakan yi nauyi kuma da yawansu katin bashi suke so ba katin ATM na yau da kullum ba. Kilomita nawa aka yarje maka a rana, don motocin alfarma ba kasafai ake sake su haka ba iyaka ba, abin da ya haura kuma biya za ka yi kan kowace kilomita. Inshorar ta haɗa da taya da gilashi da ƙarƙashin mota ko babu. Sai kuma safaya, yawancin motocin nan ba su da ita sam, ɗan famfo ne da ruwan liƙi a but. Ka tafi da lasin ɗinka da kuma na ƙasa da ƙasa, wasu kamfanonin sai sun ga biyun, kuma in shekarunka ba su kai 25 ba ka tambaya tun kana gida kar ka je a mayar da kai. Ka zagaya motar da waya kana ɗaukar bidiyo, ka durƙusa ka ɗauki leɓen bambar gaba ta ƙasa da bakin kowane rim, nan ne ake samun karce, nan ne kuma ake kama mutane ranar mayarwa.

Maganar kuɗi, ni ban ga dalilin riƙe motar tsere mako guda ba. Kwana biyu ko uku ya isa, sauran kwanakin ka ɗauki ƙaramar mota ko ka hau Uber. But ɗin ma in an zuge rufi jaka biyu masu laushi kawai yake ci, akwati mai taya ka bar shi a otal.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, wato ta wane gefe za ka fara. Tunda hannun hagu ake bi, so kake teku ya kasance a hagunka. In yana hagunka kai ne a layin da ke bakin ruwa, wanda ke zaune kusa da kai yana leƙa tekun kai tsaye, kuma wuraren tsayawa masu kyau yawanci a wannan gefen suke, sigina kawai za ka ba da ka sauka ka yi fakin. In kuwa yana damanka, duk tsayawar da za ka yi sai ka tsallaka layin masu tahowa, sau da yawa a bakin kwanar da ba ka ganin abin da ke fitowa, ga motoci sun taru a bayanka, ƙarshe sai ka haƙura ka ce bari na gaba, na gaban ma haka, har hanyar ta ƙare ba ka tsaya ko'ina ba. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne otal ɗinsa yana Sea Point ko Camps Bay, sai ya fito da safe ya miƙe kudu ta Hout Bay ya hau hanyar Chapman's Peak tunda ita ce ta fi suna kuma ita ce kusa. Ta nan teku yana damanka tun daga farko har ƙarshe, kuma da safe dutsen ya tare rana, gefen duk inuwa ne.

Juya shi za ka yi. Ka fita da sassafe ta M3 ka nufi Muizenberg, wato gefen False Bay, inda rana ke fitowa. Daga nan M4 ce ke bin ruwa ta St James da Kalk Bay da Fish Hoek har Simon's Town, teku a hagunka. Titin cikin Kalk Bay matsattse ne kuma in rana ta ɗaga cunkoso yake yi, in ka makara ka hau Boyes Drive ta sama, daga can kana hango gaɓar gaba ɗaya. A Simon's Town akwai Boulders inda tsuntsayen fengwin suke, ka tsaya amma kar ka wuce awa guda. Ka sha mai a nan, kar ka shiga kudancin zirin ƙasar nan da ya kutsa cikin teku, wato Cape Peninsula, da rabin tanki. A gidajen mansu ba kai ke zubawa ba, ka ce a sa maka 95, a goge maka gilashi, ka ba yaron ɗan wani abu, haka al'adar take.

Daga Simon's Town hanyar tana hawa ta saman Smitswinkel har ƙofar gandun Cape Point. Ana biyan kuɗin shiga kuma na baƙi ya fi na 'yan ƙasa. Nan fa ka rufe rufin motarka. Gwaggon birin wurin sun saba da mutane, sun iya buɗe ƙofar mota, kuma in suka hango leda ko abinci a kujera za su shigo, motar da ba rufi kuwa ba sai sun nemi ƙofa ba. Kar ka ba su komai, laifi ne ma. Akwai jimina da ke ratsa titi a cikin gandun, don haka a hankali. Mutane da yawa suna ɗauka nan ne ƙarshen Afirka ta kudu, ba nan ba ne, yana Cape Agulhas can gabas, amma wurin ya cancanci hawa har fitilar jiragen ruwa.

In ka fito sai ka bi M65 ta Scarborough da Misty Cliffs da Kommetjie, yanzu ka juyo arewa, Atilantika ce a hagunka. Ka daidaita lokacinka yadda za ka iso Noordhoek bayan la'asar, daga nan ka hau Chapman's Peak. Kilomita 9 ce kacal, kwana 114, an sassaƙa ta ne a jikin dutse aka buɗe ta a 1922, a wasu wuraren za ka ga raga ta ƙarfe a samanka da rufin kankare saboda duwatsun da ke gangarowa. Rana tana gangarawa cikin ruwa, dutsen da ke damanka ya koma ja, Hout Bay ta buɗe a gabanka, kai kuma kana layin waje, ɗan gini ne kawai tsakaninka da ruwa can ƙasa. Wannan ne abin da ka biya kuɗin motar dominsa. Tolget ɗin yana ta gefen Hout Bay. Kuma ka sani ba wurin gudu ba ne, hanyar siririya ce, ga masu keke ga masu gudun motsa jiki, wanda ya zo nan don ya gwada totur ya ɓata wa kansa ya kuma sa wasu cikin haɗari. Daga Hout Bay ka ci gaba da M6 ta Llandudno, duwatsun Twelve Apostles a dama, ka sauko Camps Bay da magariba. Duk zagayen bai kai kilomita 200 ba amma yini guda zai ci cur, kar ka haɗa shi da komai.

Abu ɗaya, Chapman's Peak ana rufe ta in iska ta yi ƙarfi ko ruwa ya yi yawa ko dutse ya faɗo. Ka duba shafinsu da safe, ka sake dubawa kafin ka bar Cape Point. In a rufe take, ta Ou Kaapse Weg za ka koma gari, sai ka ɗaga ta zuwa gobe. A watan Maris kuma akwai ranar babbar gasar keke ta Cape Town, ranar hanyoyin Cape Peninsula na masu keke ne, ka duba kwanan wata kafin ka yanki tikiti.

Wannan ya kawo mu kan lokaci. Yanayinsu kishiyar abin da muka saba ji na Turai ne, Disamba da Janairu ne zafi, Yuni zuwa Agusta sanyi da ruwan sama. Ni dai ba na ba kowa shawarar tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, lokacin hutunsu ne, kowa ya gangaro bakin teku, haya ta yi tsada, titi ya cika. Ga kuma iskar kudu maso gabas da suke kira Cape Doctor, in ta taso a motar da ba rufi hula ba ta zama a ka, yashi kuma har cikin haƙori. Fabrairu zuwa Afrilu ya fi, ko Oktoba da Nuwamba. Maganar sallah, a Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na dare, a Yuni kuwa kafin shida ta faɗi, don haka kar ka yi lissafi da agogon gida. Ka sa darduma da gorar ruwa a bayan kujera. Cikin gari ba matsala, Musulmi suna da yawa a Cape Town, a Bo-Kaap akwai masallacin Auwal tun 1794 kuma abincin halal ko'ina ne, akwai masallaci a Simon's Town ma, amma da ka yi nisa sai ka nema.

Rana ta biyu Clarence Drive, wato R44 tsakanin Gordon's Bay da Rooi-Els, kilomita ashirin da 'yan kai. In ka tambaye ni ta fi Chapman's Peak daɗin tuƙi, kwanoninta sun fi buɗewa, kwaltar lafiya lau, kuma ba tolget. Dokar nan dai ita ce, teku a hagu, don haka kar ka bi ta a tafiya, ka bar ta sai dawowa. Ka tafi ta N2 ka haura Sir Lowry's Pass, ka sauka ta R43 zuwa Hermanus, wajen kilomita 120 daga gari. In tsakanin Yuni da Nuwamba ne ana ganin manyan kifayen nan whale daga kan gaɓa ba sai ka shiga jirgin ruwa ba. Ka ci abinci a can, sannan ka juyo ta Kleinmond da Betty's Bay da Rooi-Els, ka shiga Clarence Drive da yamma rana tana gabanka ta hagu kan False Bay. Ranar Lahadi masu manyan babura sun yi yawa a kanta, ka riƙa duba madubi. Akwai kyamarorin gudu a N2, har da masu lissafa lokacin da ka ɗauka tsakanin wuri biyu, tarar kuma kamfani zai cire a katinka ya ƙara nasa a kai. Ƙa'idar dai 60 a gari, 100 a wajen gari, 120 a babbar hanya, sai in allo ya ce wani abu daban.

Masu son zarcewa Garden Route, wato yankin gaɓar teku da ke can gabas da Cape Town, su sani, daga Caledon har kusan Mossel Bay N2 ba ta bin teku, gonakin alkama ne da tumaki awa da awanni, kuma Mossel Bay ɗin kusan kilomita 400 ce. Kyan yana farawa ne daga Wilderness zuwa Knysna da Plettenberg Bay da Tsitsikamma, inda gadar Bloukrans mai tsayin mita 216 take. Wannan kilomitocin da aka ƙayyade maka ba za su ɗauka ba, ka yi ta da mota ta yau da kullum ko ka hau jirgi zuwa George ka yi haya a can. Duk inda taswira ta nuna maka hanyar burji kuma ka juya, motar ƙasa-ƙasa ce kuma inshora ba ta biyan abin da ya same ta a can.

Sauran ƙanana ne. Tudun rage gudu da gangaren shiga gidan mai ka hau su a karkace, a hankali. Danja su robot suke ce mata, in ta mutu ko ka zo mararrabar da kowa ke da alamar tsayawa, wanda ya fara isowa shi ke fara wucewa, kuma da gaske suke tsayawa cak. Kar ka bar waya ko jaka a kujera ko na minti biyu ne, masu gadin fakin masu riga mai ƙyalli ka ba su 'yan canji in ka dawo, kar kuma ka tsaya a gefen N2 wajen filin jirgi da dare. Ranar mayarwa ka cika tanki a gidan mai mafi kusa ka riƙe rasit, ka sake ɗaukar bidiyo a gaban ma'aikacinsu, kuma kar ka bar wurin sai ya rubuta maka cewa motar ta dawo lafiya ya faɗa maka ranar da za a sake maka kuɗin jinginar.