Kalmar "interact" da inda 'yan Koriya ke tuntuɓe

Ɗalibi ɗan Koriya bai cika shan wahalar gane ma'anar "interact" ba. A harshensa akwai "sangho jagyong", wato abu biyu su yi wa juna tasiri, kamar magani biyu a jikin mutum guda. Wahalar tana zuwa ne idan ya tashi saka kalmar a jimla, domin nahawun Koriyanci na nan kwance a ƙarƙashin Turancinsa.

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne "They interact each other." An zubar da "with" a hanya. Ba ganganci ba ne. Kalmar "seoro", wadda ke yin irin aikin "juna" a Hausa, tana zama ita kaɗai kafin aikatau, ba ta neman ɗan rakiya. Sai ɗalibi ya ɗauka "each other" ma haka take. Maganinsa shi ne a haddace "interact with" tamkar kalma ɗaya, a yi ta maimaitawa da baki har harshe ya saba. Kai, ko "They interact" kawai aka rubuta, jimla ta tsaya da ƙafarta.

Da "influence" kuwa abin juyewa yake yi: a nan ƙari ake yi. A Koriyanci ana cewa "yeonghyang-eul michida", wato yin tasiri, kuma abin da tasirin ya faɗa wa yana ɗaukar ɗafin "-e". Shi ne ke rikiɗewa ya zama "on", sai ka ga "Price and demand influence on each other." In aikatau ce, ba ruwanta da "on". In suna ce, to a nan ne wurinsa: "have an influence on". Wannan ya fi ba ni takaici, domin yakan ɓata rubutun ɗalibin da ya iya tsara tunaninsa sosai.

Akwai kuma "mutual interaction", wadda galibi maimaici ce, tunda "inter-" ta riga ta ɗauki nauyin "sangho", wato "mutual". A ce "interaction between A and B", ya wadatar.

Sai furuci. Gaɓar Koriyanci ba ta ƙarewa da baƙi biyu a furuce, don haka ake cusa wasalin "eu", kalma mai gaɓa 3 ta koma 4: in-teo-raek-teu da ɗan jan wutsiya, ko ma a raba "k" ɗin daban. A sa nauyin murya kan "act", a datse numfashi a kan "t", sannan a ɗauki muryar a waya a saurara.